Kamilu Ya Je Sarin Faɗa

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Ardul Liwa ta birnin Alƙahira a shekarun da wayar salula ta fara shigowa ya san Kamilu ɗan Gusau, ko yana so ko ba ya so. Karatu ne ya kawo shi Masar, karatun ya duba ya ga ba za su daidaita ba, ya sallame shi tun da wuri. Daga nan ya liƙe wa Alhaji Ya'ƙub, wani Bahaushen Sudan mai ofishin aika kaya Najeriya. Aikin Kamilu shi ne ya tarbo hajiyoyin Kano da Sakkwato daga filin jirgi, ya kai su kasuwar Ataba su sari abaya da takalma, ya yi musu tafinta, ya yi ciniki, ya ɗauko ƙunshi. Ladansa abinci, da ɗan abin sawa a aljihu, da wani ɗaki a saman siton Alhaji wanda in zai miƙe ƙafa sai ya buɗe ƙofa.

Zan faɗi gaskiya a kansa, don ni maƙwabcinsa ne, bango ɗaya ya raba mu: Kamilu ya iya ciniki. Da idona na ga ya sa Bamisire mai shago ya rantse da kabarin mahaifinsa, ya yi hawaye, sannan ya rage. Matsalar ita ce bakinsa bai tsaya a ciniki ba. In ya zauna a teburin shayin Awadiyya, matar Alhaji Ya'ƙub, a ƙofar sito, sai ka ji kakansa ɗan dambe ne da ya taɓa naushin raƙumi ya durƙusa, shi kuma hannun kakan ya gado, tausayin jama'a ne kawai ke hana shi amfani da shi. Mai wannan magana kuwa in ya tuɓe riga kana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga tsallaken titi.

Asirinsa ya tonu ranar da ya raka Hajiya Umma. Ita ce babbar mai hulɗa da ofishin Alhaji, in ta zo sito ba ya ɗaukar kayan kowa sai nata. Suna tsakiyar Ataba, Kamilu ya sayo musu ruwan rake, sai wani saurayi ya fizge jakar hannunta ya nutse cikin mutane. Kamilu ya tsaya da kofi a kowane hannu. Ya shanye na dama don kada ya zube, ya shanye na hagu don shi ma kada ya zube, ya mayar wa mai rake kofunansa saboda amana ce, sannan ya ɗaga ƙafa da niyyar gudu. A lokacin ina jin ɓarawon ya isa gida har ya yi wanka.

Da yamma Alhaji Ya'ƙub ya zaunar da shi a gaban kowa, ya kira shi irin kiran mutanen Sudan, ya zol, wato kai mutum.

"Ya zol, saurara da kyau. Hajiya za ta dawo bayan Babbar Sallah. Zan roƙe ta ta sake gwada ka. In kun dawo daga kasuwa ta ce tana son rakiyarka, khalas, shi ke nan, ka zauna. In ta ce a'a, ka ba ni makullin ɗakina ka nemi inda za ka."

Maganar ta shige shi. Ba shi da wurin zuwa, kuma ya riga ya aika wa mutanen Gusau hotonsa a jingine da motar wani, ya ce musu shi manaja ne. Amma tsoro bai taɓa hana bakin Kamilu aiki ba.

"Maigida, laifin na dambe ne. Dambe sai an ɗaure hannu, ɓarawo kuwa ba ya jira a ɗaure. Zan shiga makarantar faɗa irin ta fim ɗin 'yan Caina. Kafin Hajiya ta dawo, baƙar ɗamara ce a ƙuguna."

Awadiyya tana firfita gawayi, ba ta ko ɗago ba. "Wane ƙugun?"

"Hajja, ƙarfi ba a ƙiba yake ba."

"Na sani. Ina tambayar inda za a ɗaura ta ne, kada ta zame ta harɗe ka."

Wani da sai ya tambayi waɗanda suka sani wane faɗa ya dace da sabon shiga, kuma wace makaranta ce ta kirki. Kamilu ya ce shi ba baƙo ba ne a harkar saye. Makarantar faɗa shago ce, malaminta kaya ne, kuma dokar Ataba ɗaya ce ko takalmi za ka saya ko naushi. Ba a saye a shagon farko. Sai an ja kaya an ga ƙarfin ɗinki, an kushe su son rai, sannan ka juya ka yi tafiyarka a hankali. Shagon da aka kira ka ka dawo, nan rabonka yake.

Ya fara da kareti, a saman wani tsohon bene a Wustul Balad, wato tsakiyar gari. Malamin, Kaftin Isam, gajere ne mai faɗin ƙirji. A Masar duk mai koyar da motsa jiki kaftin ne, ko bai taɓa ganin jirgi ba. Kamilu ya zagaya shi, ya murza bakin ɗamararsa tsakanin yatsu, ya taɓe baki.

"Wannan baƙin yana zuba in an wanke. Yaya kake bayarwa in mutum zai ɗauka yau?"

"Ba a sayarwa," in ji Kaftin. "Shekaru ake yi kafin a ɗaura ta."

"Kowa haka yake cewa da farko. Faɗi na gaskiya, ya basha."

Kaftin ya haɗiye, ya juya zai nuna masa inda ɗalibai ke tuɓe takalma. Nan Kamilu ya ga damar gwada kaya. Ya ɗaga tafi ya sauke masa a ƙeya, tas. To, Bamisire ka zage shi ya rama, ka taka shi ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, amma marin ƙeya a wurinsu cin mutunci ne da ake bar wa jikoki gado. Kamilu ya ce shi dai ya tuna ƙarar marin. Abin da ya tuna bayan wannan shi ne yana kwance a kan matakala can ƙasa da makarantar, wata tsohuwa mai kwandon albasa tana tambayarsa ko zai matsa ta wuce.

Ya tashi, ya kaɗe riga, ya fara sauka a hankali yana kasa kunne ko za a kira shi. Ba a kira ba. Ɗaya daga takalmansa da suka zube a can sama dai aka jefo ta taga ya same shi a kafaɗa.

"Sun fara saukowa," ya gaya mana a teburin shayi, yana dafe da muƙamuƙi. "Wanda ya biyo ka da takalmi yana son ciniki. Amma kareti ba kaya ba ne. Abin da ba ka ga lokacin da ya same ka ba, yaya za ka koye shi?"

Awadiyya ta dubi ƙafarsa. "Ɗaya takalmin fa?"

"Na bar musu kafin alƙalami."

Da muƙamuƙi ya sauka sai ya nufi jido, a wata cibiyar matasa a Giza. Malamin dattijo ne mai tumbi, yana zaune a bakin katifar wasa yana ɓarar 'ya'yan kabewa. Kamilu ya ji daɗi a ransa, ya ce wannan kwantai ne, zai yi araha. Ya riga ya gane ba a taɓa ƙeya, don haka ya kama wuyan rigar dattijon ya ja, ya ga ɗinki. Ashe a jido kama wuyan riga gayyata ce. Dattijon ko 'ya'yan kabewarsa bai ajiye ba. Kamilu ya ga ƙafafunsa sun wuce ta gaban idonsa, sannan bayansa ya daki ƙasa. Ya tashi ya kama hannun rigar don ya yi ƙorafi, ya sake ganin ƙafafun. Ya tashi ya miƙa hannu a yi sallama a rabu lafiya, dattijon ya karɓa, jiki kuwa ya saba, ya sake juya shi.

"Ma'alish, ɗana," in ji dattijon yana leƙo shi daga sama. "Wannan na ƙarshen ban yi niyya ba."

Kafin ya iso unguwa labari ya riga shi. Teburin Awadiyya ya cika, har da 'yan Nijar daga ƙarshen layi waɗanda ba su taɓa shan shayinta ba. Ta ajiye wa Kamilu matashi mai laushi a kan benci, ta ce ba don Allah ta yi ba, don ciniki ne.

"Jido na masu son kallon rufi ne," in ji shi, yana zama da gefe ɗaya. "Fankarsu ma fiffike ɗaya ya lanƙwashe, na lura da shi sosai. Kuma ko kira ba su yi ba."

"Da wace ƙafa za ka koma in sun kira?" in ji Alhaji Ya'ƙub.

"Maigida, duk wannan duba kasuwa nake yi. Ban fara saye ba tukuna."

"Kasuwar dai ta fara sayenka."

Sai kunfu, a kan rufin wani dogon gini. Malamin Bamisire ne, amma ya aske kai ƙwal, ya bar gemun akuya, yana magana a hankali kamar mai ciwon haƙori. Wannan karon Kamilu ya yi alkawari ba zai taɓa kowa ba, ɗanɗanawa kawai zai yi. Malamin ya nuna masa darasin farko: a buɗe ƙafa, a durƙusa kamar an zauna a kan kujerar da babu ita, a tsaya a haka.

"Sababbin ɗalibai ba sa kai tsawon shan kofin shayi," in ji malamin.

"A Gusau a haka muke barci."

Malamin ya ce tamam, wato madalla, ya sauka sallar la'asar. A masallaci ya haɗu da surukinsa, hira ta yi daɗi, ya manta da wani baƙo a rufi. Da ya dawo ya tarar da Kamilu yana nan, ido waje, gumi ya yi tafki a ƙarƙashinsa. Girman kai ne ya riƙe shi da farko, daga baya gwiwoyi suka karɓi aikin suka ƙulle. Aka ja, aka murza, aka shafa man zaitun, suka ƙi miƙewa. A haka aka sauko da shi, a haka aka ɗora shi a amalanken jakin mai tumatir, ya ƙetaro layin dogo ya shigo Ardul Liwa zaune a kan iska, yana ɗaga wa mutane hannu.

Aka dire shi a ƙofar sito. Awadiyya ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗauko tiren kofuna ta ɗora a cinyarsa.

"Alhamdu lillahi. Yau ka yi amfani."

"Hajja, wannan babban mataki ne. Malamin da bakinsa ya ce bai taɓa ganin irina ba."

"Mu ma haka."

Sallah ta matso, ragunan layya suka cika lungunan unguwa, Kamilu ba shi da makaranta. Ya rage surutu, ya daina gama waken karin kumallonsa. Wata rana da hantsi ya leƙo ɗakina ya tambaye ni ko jirgin Kano yana yarda mutum ya shiga da katifarsa. Wallahi na tausaya masa, duk da haushin da yake ba ni.

Ana nan wata la'asar, yana dawowa ta bayan layin dogo, sai ya ji ganga da algaita a wani fili. Ya leƙa. Sa'idawa ne, mutanen kudancin Masar masu manyan riguna da rawani, sun yi da'ira, mutum biyu a tsakiya suna zagaya juna da dogayen sanduna. Wasan sanda ne, su suna ce masa tahtib. Shugabansu Rayyis Abdulhadi, mai gashin bakin da za a iya rataya jallabiya a kai.

Kamilu ya shiga fili, ya ɗauki sanda, ya lanƙwasa ta, ya ce a garinsu wannan karan dawa ne. Bai yi sallama ba ya kai wa Rayyis duka. Rayyis ya juya a kan ƙafa ɗaya, rigarsa ta buɗe, sanda ta wuce ta daki iska. Ya ɗan taɓa hular Kamilu da kan tasa sandar, taɓawar da ko ƙuda ba za ta kora ba, ya yi murmushi. Kamilu ya runtse ido yana jiran ciwo, ciwo bai zo ba. Ya duba ƙasa ya ga har yanzu a tsaye yake. Sai ya ajiye sanda, ya juya, ya fara tafiyar nan tasa a hankali.

"Kai dogo," in ji Rayyis. "Dawo ka sha shayi."

Kamilu ya ce sai da hawaye ya zo masa. Duk faɗin Alƙahira, a nan ne kaɗai aka san darajar mai saye.

Bari in yi adalci: tahtib na asali faɗa ne, a kudu ana fasa kai da shi. Amma ƙungiyar Rayyis Abdulhadi ta daɗe da barin wannan. Gidajen biki suke zuwa, da jiragen ruwan 'yan yawon buɗe ido a kan Nilu, su yi rawar sanda a tafa musu. Dogon mutum suke nema da zai cika layin baya, ga shi Allah ya kawo musu har gida. Kowa a unguwa ya san haka, kuma mun gaya masa.

"Kamilu, 'yan rawa ne fa," na ce masa.

"Malam, kai karatu ka sani. Wane faɗa ake yi wa kiɗa in ba na manya ba? Dambe ma da kalangu ake yi."

Wannan kam gaskiya ce.

Rayyis ya sa shi ya dafa gashin baki ya rantse zai kiyaye ladabin sanda. Ba a ɗaga sanda a kan wanda ba shi da sanda. Ba a farawa sai an gaisa, kiɗa ya tashi. Wanda aka taɓa wa kai an ci shi, sai a rungumi juna a tashi 'yan'uwa. Kamilu, da bai taɓa riƙe darasi ɗaya a rayuwarsa ba, ya riƙe wannan kamar karatun sallah. Abin mamaki kuma ya iya. Dogayen ƙafafun nan da suka sha wuya a hannun 'yan jido suka sami abin da aka halicce su dominsa. Kullum yana rufi yana juyi. Ya karkata wa maƙwabta faifan tauraron ɗan'adam har suka koma kama tashar Turkiyya, kuma wata rana ya sauko da mayafin Awadiyya naɗe a kan sanda, daga igiyar shanya, bai ma sani ba.

Bayan Sallah Hajiya Umma ta sauka. Alhaji Ya'ƙub ya roƙe ta, ta ce albarkacin furfurarsa ta yarda. Ya ja ni gefe ya ce in bi su in zama idonsa. Rabin teburin shayi suka ce su ma dama suna da sayayya a Ataba.

Kamilu ya sauko daga ɗaki cikin jallabiya mai faɗin hannu, da rawani, da sanduna biyu a kafaɗa, da rediyo mai kaset rataye a wuya.

Hajiya ta gyara tabarau. "Alhaji, kasuwa za mu ko kiwo?"

"Hajiya, yau ki saki jiki," in ji Kamilu. "Fasfo, tikiti, waya, duk ki zuba a jaka ki rataya a fili. So nake a zo."

"To sanda biyu fa?"

"Ɗaya ta baƙo ce."

Ba ta gane ba, ba ta kuma tambaya ba. Kuɗin sari dai ta ɗaure a lalita, amma sauran ta biye masa.

Ataba ta cika maƙil. Hajiya tana ɗaga wata abaya tana duba ta a hasken rana, sai wani saurayi mai rigar ƙwallo ya sa reza ya yanke igiyar jakar, ya zura cikin lungun masu takalma. Ranar kuwa Allah ya so Kamilu da rahama: wani amalanke maƙare da kwalaye ya toshe ƙarshen lungun. Ɓarawo ya juyo, ya ga Kamilu ya tare hanya. Masu shaguna suka fito, wani da kujera, wani da ƙarfen sauke kaya. Kalma ɗaya ta rage a faɗa, harami, wato ɓarawo, Ataba ta gama aikin da kanta. Da an faɗe ta, jaka ta dawo, ɗaki ya tsira. Har na fara yi masa murna a raina.

Kamilu ya ɗaga hannu. "Kada wanda ya taɓa shi. Nawa ne."

Mutane suka ja baya, don sun ga rawani da sanda sun zaci wani abu ne. Kamilu ya dafa ƙirji, ya yi wa ɓarawon cikakkiyar sallama, ya tambayi sunansa da lafiyar iyayensa. Saurayin, da ya riga ya rufe kai da hannu yana jiran duka, ya leƙo ta tsakanin yatsu ya ce sunansa Ishaq. Kamilu ya miƙa masa sanda ɗaya da hannu biyu.

"Kamilu, jakata," in ji Hajiya.

"Hajiya, a bi tsari."

Ya danna rediyo. Ƙas, kaset ya zo ƙarshe. Ya juya shi ya sake dannawa, rediyo ya cinye zaren. Ya zaro kaset, zare ya zubo har ƙasa.

"Wa ke da biro?"

Kowa ya laluba aljihu. Ishaq ya buɗe jakar Hajiya, ya tona, ya ciro bironta ya miƙa. Ya kuma riƙe wa Kamilu zaren kada ya harɗe, suka naɗe shi tare, kai da kai.

Algaita ta tashi. Masarawa kuwa ba sa jin algaita su tsaya a kan maganar da suke yi. Nan take aka yi da'ira, aka fara tafi, mata suka rangaɗa guɗa daga tagogin bene. Masu kujerun duka suka ajiye su suka zauna a kai. Kamilu ya ɗaga sanda, ya fara zagaye, sai kuma ya tsaya cak ya haɗe rai.

"Jakar nan tana hana shi ɗaga hannu. Ba zan ci mutum da kaya a hammata ba, gobe a ce jaka ce ta ci shi. A ba wani ya riƙe."

Hajiya ta kutso ta miƙo hannu. "Kawo. Ni ce mai ita."

"A'a, Hajiya. Ke da shi kuke shari'a, mai shari'a ba ya riƙe kaya. Sai wanda ba ruwansa."

Wani kamilin mutum mai casbi da tabon sallah a goshi ya matso, ya ce shi ba ruwansa, silifa ya zo saya. Ishaq ya miƙa masa jakar da saurin da ya kamata ya tsorata duk mai hankali. Kamilu ya yi wa mutumin godiya, ya sa masa albarka. Na buɗe baki in yi magana, ganga ta danne ni. Na yunƙura in kutsa, da'ira ta riga ta kulle, wani ƙato ya ce in bi layi kowa kallo ya zo.

Ba zan ɓoye ba, wasan ya yi kyau. Ishaq ya ɗan iya, irin na wanda ya sha zuwa bikin da ba a gayyace shi ba. Kamilu kuwa ya juya, ya durƙusa, ya tashi, jallabiya ta buɗe, sanduna suna haɗuwa tas, tas, daidai da ganga. Can ya yi wani juyi a kan ƙafa ɗaya ya sauke kan sandarsa a tsakiyar kan Ishaq, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Lungu ya ɗauka. Ishaq ya ƙanƙame shi ya daɗe, yana bubbuga masa baya, yana sumbatar kafaɗarsa ta dama da ta hagu. Masu takalma suka ɗaga Kamilu sama suka zagaya da shi.

Da aka sauke shi, amalanken ya riga ya wuce, lungu a buɗe. Babu mai casbi, babu Ishaq, babu sandar baƙo. Hajiya Umma tana zaune a kan wani ƙunshi ta yi tagumi.

"Hajiya, kin ga yadda na ci shi?"

"Na gani."

"Kai na taɓa. Tsakiyar kai."

"Na gani, Kamilu."

Muka shiga mota. Kamilu ne ya yi ta bayani. Mai casbi mutumin kirki ne, cunkoso ne ya tura shi waje, gobe zai nemo ofis da jakar. Ishaq kuwa ya tuba. "Kun ga yadda ya rungume ni? Har bugun zuciyarsa na ji. Yaron nan daga yau ya bar sata. Abin da duka ba ya yi, ladabi ya yi." Ya faɗe ta da gaske, idonsa har ya kawo ruwa.

Muka iso ƙofar sito, tebur cike. Na ba Alhaji Ya'ƙub labari yadda ya faru, ban ƙara ba, don babu wurin ƙari. Ya saurara har ƙarshe, ya cire hula ya mayar, sannan ya juya wajen Hajiya.

"Hajiya, na yi alkawari bakinki ne zai yanke. Kina son Kamilu ya ci gaba da raka ki?"

Ta kurɓi shayin da Awadiyya ta miƙa mata, ta ajiye kofi.

"Alhaji, in kana son in sake zuwa ofishin nan, nemo mini mutumin nan mai casbi. A duk kasuwar shi kaɗai na ga an ba shi abu ya kula da shi."

Ba wanda ya yi dariya, ko Awadiyya. Alhaji ya miƙa wa Kamilu tafin hannu.

"Makullin, ya zol."

Kamilu ya matso gabansa. Ya jingine sanda a bango, ya sa hannu a aljihun jallabiya. Hannun ya zarce ya fito ta ƙasa, inda rezar Ishaq ta bi ta yi aiki mai tsabta, makulli ya tafi. Ya tsaya yana kallon yatsunsa suna motsi a waje.

A hankali ya ce, "Maigida, ashe ba zuciyarsa ce na ji ba."